Hukuncin Shigar Ɗalibai Gasar Ƙera Tauraron Ɗan'adam

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya tsaya ne a kan wata mas'ala wadda kakanni ba su san ta ba, amma ga ta yau ta shigo har cikin zaurukan karkara. A ɗauka manomi ne a Miga, ko a wani ƙauye na ƙasar Jahun, ya sayar da buhunan shinkafarsa ya kai ɗansa makarantar sakandaren kimiyya ta Kafin Hausa, ko kuwa 'yarsa ta sami shiga ta 'yan mata da ke Taura. Ran da aka yi hutu sai yaro ya komo gida da wani zance wanda uban bai taɓa ji ba, wai akwai gasa da ake shirya wa ɗalibai ta ƙera tauraron ɗan'adam, wanda ya ci kuwa a ɗora abin da ya ƙera a kan roka a harba shi sararin samaniya, kuma shi ma fannin da yake so ya bi ke nan. Uban da ke tsoron Allah ba zai yi garaje ya ba da izni ko ya hana ba, sai ya san hukunci. Domin kuwa in ya hana halal ya rufe wa ɗansa ƙofar alheri, wataƙila ma ya rufe wa garinsu, in kuwa ya ƙyale shi ya faɗa haram, to, shi ne makiyayi, shi za a tambaya.

Abubuwan da sukan dami irin wannan uba uku ne. Yana tsoron kada wannan aiki ya zama shisshigi cikin mulkin Allah. Yana tsoron kada ya zama shi ne ilmin taurarin nan da malamai suka yi hani da shi. Sa'an nan yana shakkar ladan da ake bai wa wanda ya ci gasa, ko yana da dangantaka da caca. Akwai kuma na huɗu wanda ba ya fitowa daga baki sai dai ya tsaya a zuci, watau me ya haɗa ɗan talaka da ke kwana a ɗakin laka da sha'anin kumbo. Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, saboda haka tilas a fara da bayanin abin kansa.

Tauraron ɗan'adam ba tauraro ba ne, sunan ne kawai aka ara masa. Akwati ne na ƙarfe mai ɗauke da batir, da faifan tara hasken rana, da rediyo, wani lokaci da kyamara. Roka takan ɗauke shi ta kai shi can sama da iskar da ke lulluɓe da duniya, sa'an nan ta tura shi gefe da gudu mai tsanani. Wanda ke nisan kilomita 400 daga ƙasa yana gudun kimanin kilomita 28,000 ne cikin awa guda, yana kewaye duniya sau ɗaya cikin minti 90 ko sama kaɗan. Ƙasa tana janyo shi kullum kamar yadda take janyo dutsen da yaro ya jefa, amma saboda tsananin gudunsa, duk faɗowar da yake yi sai ya tarar doron ƙasa ya lanƙwasa ya kauce masa. In aka kai shi nisan kusan kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya, sai kewayensa ya yi daidai da juyawar ƙasa, a gan shi kamar a tsaye yake wuri guda. Dalili ke nan da ya sa farantan talabijin da ke bisa rufin gidajen Dutse suke fuskantar waje ɗaya shekara da shekaru ba a juya su.

Da can wannan aiki na manyan gwamnatoci ne kaɗai. Rasha ce ta fara harba nata, Sputnik, ran 4 ga Oktoba, 1957, Amurka ta biyo baya. Abin da ya buɗe wa ɗalibai ƙofa shi ne dabarar waɗansu malaman jami'a biyu na Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, waɗanda a 1999 suka tsara wani ɗan ƙaramin tauraro mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita 10, nauyinsa kuwa kimanin kilo ɗaya. Ana ce da shi kiyubsat. Manufarsu ita ce ɗalibi ya iya zana shi, ya haɗa shi, ya gwada shi, ya ga an harba shi tun bai bar jami'a ba. An harba na farko-farkonsu a 2003.

Nijeriya ma ta shiga wannan sahu. Wata jami'ar fasaha a Kiyushu ta ƙasar Japan ta shirya wani shiri mai suna BIRDS, inda ta tara ɗalibai daga Japan, da Ghana, da Mongoliya, da Bangaladash, da Nijeriya, kowace ƙasa ta fita da nata kiyubsat. Na Nijeriya, wanda aka sa wa suna NigeriaEduSat-1, ya fito ne ta hannun Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tare da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, watau NASRDA. An harba taurarin biyar daga Fulorida ran 3 ga Yuni, 2017, ana cikin azumin Ramalana na shekarar 1438, aka kai su babbar tashar nan ta ƙasa da ƙasa da ke kewaya duniya, daga nan aka sake su ran 7 ga Yuli. Na Nijeriya ya yi ta kewaya har zuwa Mayu na 2019, sa'ad da ya gangaro cikin iska ya ƙone, kamar yadda aka san irinsu suna yi. Mai son kushe zai ce ai a Japan aka haɗa shi, kuma bai cika shekara biyu ba. Gaskiya ne. Amma akwatin ne ya ƙone, waɗanda suka haɗa shi kuwa suna nan da abin da suka koya, kuma tun farko su ake nufin a samar.

Game da gasa kuwa, wadda ta fi dacewa da ƙasashe masu tasowa ita ce KiboCUBE, wadda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin sararin samaniya ya fara tare da hukumar Japan a 2015. Jami'o'i da cibiyoyin bincike sukan aika da tsarinsu a rubuce, alƙalai su duba, wanda ya yi fice a saki tauraronsa daga tashar ba tare da ya biya kuɗin harbawa ba. Jami'ar Nairobi ta Kenya ce ta fara cinyewa, aka saki nata a Mayu na 2018. Akwai kuma ta 'yan sakandare da ake kira kansat, inda ake cusa dukan na'urorin cikin abin da bai wuce gwangwanin lemo ba. Ƙaramar roka ko balan-balan ta ɗaga shi kimanin kilomita ɗaya, ya sauko da lema, yana auna zafi da nauyin iska yana aiko da sakamakon ta rediyo. Ɗalibin da ya yi wannan ya gani da idonsa cewa iska tana daɗa sanyi da sauƙi gwargwadon yadda aka yi sama, abin da a da sai dai ya haddace don jarrabawa.

Kada mai karatu ya zaci cewa sha'anin kumbo baƙo ne a wannan yanki. A farkon shekarun 1960, lokacin da Dutse da Jahun da Miga duk suna cikin Lardin Kano, hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu, 1962. Ran 23 ga Agusta, 1963 kuwa, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta wayar tarho wadda ta bi ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka. Har kan sarki gidan waya ya buga a wannan shekara mai hoton tashar ta Kano. An rufe tashar a 1966. Abin takaici shi ne ƙasa ce kawai aka ara, ilmin bai zauna ba. Sai a 1999 aka kafa NASRDA, sai a Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1, wanda aka ƙera a Ingila aka harba daga Rasha.

To, a komo ga shakka ta farko. Tun sa'ad da aka ba da labarin saukar mutum a kan wata a Yuli na 1969 aka sami waɗanda suka ce wannan ƙarya ce, wanda ya gaskata ma imaninsa na cikin haɗari. Niyyarsu kishin addini ce, amma hujjarsu ba ta tsaya ba. Wata halitta ce daga cikin halittun Allah, kamar teku, kamar dutse, kuma Alƙur'ani ya ambace shi cikin abubuwan da aka hore wa ɗan'adam. Babu nassi ingantacce da ya ce ba za a iya isa gare shi ba, kuma cikin malaman da suka yi rubutu suka tabbatar da haka a wancan lokaci har da Shehu Abdul'aziz bin Baz na ƙasar Sa'udiyya. Nisan wata kimanin kilomita 384,000 ne, haske yakan yanke wannan tafiya cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Daga rana haske yakan ɗauki minti 8, daga tauraro mafi kusa kuwa fiye da shekara 4. Wanda ya je wata, in aka gwada da faɗin halitta, bai ko fita ƙofar zaure ba. Balle akwatin ɗalibai da ke shawagi a kilomita 400, tafiyar da ba ta kai daga Dutse zuwa Sakkwato ba. Sammai bakwai da abin da ke cikinsu na gaibu kuwa, waɗanda Annabi (S.A.W.) ya keta a daren Mi'iraji, babu mai ƙera roka da ya yi da'awar ya kai su.

A nan ya kamata a ja kunnen ɗaya ɓangaren kuma. Waɗansu masu zumuɗi sukan ɗauko aya ta 33 ta Suratur Rahman, wadda ta ƙalubalanci mutane da aljannu game da ƙetare sasannin sammai da ƙasa, su ce ai roka ake nufi. Manyan malaman tafsiri sun fassara ta ne a kan gazawar bayi ga tsere wa ikon Allah da hukuncinSa. Halaccin wannan ilmi ba ya bukatar a murɗe aya. Ya isa a ce asalin al'amuran duniya halal ne sai abin da shari'a ta hana, kuma ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu hankali da ke tunani cikin halittar sammai da ƙasa.

Shakka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin hanin da malamai suka yi gaskiya ne, sai dai a san inda ya faɗa. Sun kasa ilmin taurari kashi biyu. Kashi na farko shi ne da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da ajali da aure da tafiya, har mutum ya tafi wurin ɗan duba a buga masa ƙasa ko a duba masa tauraronsa. Wannan haramun ne, yana kuma iya kai mutum ga shirka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (S.A.W.) ya bayyana wa sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro kuwa ya kafirce wa Allah. Haka kuma ran da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, ya hau mumbari ya kore wannan zato, ya umurce su da salla da addu'a. Kashi na biyu shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane lokaci da alƙibla da hanya. Wannan Alƙur'ani da kansa ya nuna shi, a aya ta 5 ta Suratu Yunus game da masaukan wata da lissafin shekaru, da aya ta 97 ta Suratul An'am game da shiriya da taurari cikin duhun tudu da teku. Aikin ɗalibin da ke lissafa inda tauraronsa zai bi yana cikin kashi na biyu ne, babu gaibu a cikinsa ko kaɗan. Da irin wannan lissafi aka sanar da husufin 29 ga Maris, 2006 tun da sauran shekaru, aka kuwa ga rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina a sa'ar da aka ambata.

Abin mamaki, manomin da ke wannan tambaya shi kansa ma'abucin kashi na biyun ne. Malaman zaure na ƙasar Hausa sun daɗe suna riƙe da lissafin masaukai 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na damina su ne Haƙa'a, da Hana'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan, daga nan Sarfa ta shigo da kaka. Tsoho a Miga yakan tambayi liman wane tauraro ake ciki kafin ya yanke shawarar shuka, bai kuwa taɓa cewa tauraron ne ke saukar da ruwa ba. Alama ce kawai ta lokaci. Jikansa da ke son karanta hoton gajimare daga tauraron ɗan'adam sana'ar kakansa ya gada, kayan aiki ne suka sake.

Magabata ma ba su ɗauki wannan fanni abin ƙyama ba. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekarar rana har kuskurensa bai wuce 'yan mintoci ba, Turawa suka yi ƙarnuka suna amfani da littafinsa. Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, a nan kuma ya tsara lissafin tafiyar wata wanda masana ke jinjina wa har yau. Wanda ya fi kusa da mabiya mazhabar Maliku shi ne Imamu Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 1285. Wannan babban malamin fiƙihu ya ba da labari da kansa cewa ya ƙera wata ma'ajiyar kyandir mai nuna sa'o'in dare, da siffar zaki wanda idanunsa ke sauya launi kowace sa'a. Ashe hannun da ya rubuta Al-Furuƙ ya san ƙira.

Shi Ƙarafin ne kuma ya warware wata mas'ala da ɗalibin wannan fanni zai ci karo da ita. Ya ce lokutan salla ana iya sanin su da lissafi, domin shari'a ta rataya salla ne ga shigar lokacin kansa, amma azumi an rataya shi ne ga ganin jinjirin wata. Saboda haka yaron da ya iya lissafin ranar haihuwar wata ba shi da ikon ya ɗauki azumi ko ya ajiye gaban kansa, sanarwa tana hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitinsa na duban wata. Amfanin lissafinsa shi ne ya nuna wa masu duba inda za su sa ido da lokacin da za su duba, ya kuma taimaki alƙali ya gane shaidar da ba ta yiwuwa.

Sai batun gasa. Asalinta sunna ce. Annabi (S.A.W.) ya shirya tseren dawaki a Madina, horarru daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka rage musu nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahaya. A lura da yadda aka raba su aji-aji gwargwadon ƙarfinsu. Inda malamai suka tsananta shi ne wajen lada. Hadisi ya ambaci abubuwa uku da ake sa lada a kansu, dawaki da raƙuma da harbin kibiya, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya sani, ta kawo bayanin haka a ƙarshe-ƙarshenta. Malaman Hanafiyya, da Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun shigar da gasar ilmi cikin wannan babi, domin ita ma ƙarfi ce ga al'umma. Abin da ke mai da gasa caca shi ne kowane ɗan takara ya zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na sauran. In kuwa ladan daga wani na dabam ya fito, kamar gwamnati ko jami'a ko wani mai hali, to, kyauta ce, babu laifi a karɓa. A kan wannan ƙa'ida musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa take tafiya tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara ta a 1986, a kanta kuma KiboCUBE take. Wadda ya kamata uba ya yi hattara da ita ita ce wadda za a ce kowane yaro ya biya kuɗin shiga, kuma daga cikin kuɗin ne za a fitar da ladan.

Akwai wani hadisi da ya cancanci iyaye da malaman makaranta su tsaya a kansa. Wata rana Annabi (S.A.W.) ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata bishiya wadda ganyenta ba ya zuba, wadda kuma ta yi kama da Musulmi. Manya suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya gane cewa dabino ne, amma kunya ta hana shi magana ganin Abubakar da Umar sun yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, sai Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Mutanen Dutse, garin dabino, sun fi kowa cancantar riƙe wannan ƙissa. Kunya ado ce ga yaro, kuma ɗan Bahaushe ya gaje ta, amma ga Umar, wanda ba a fi shi tsanani ba, yana fatan ɗansa ya yi fice a gaban manya da abin da ya sani.

Sharaɗin da aka fi karyawa a irin waɗannan gasa shi ne na gaskiya. Sau da yawa malami ne ko wani mai gyaran rediyo a kasuwa zai haɗa na'ura, a ba yaro ya haddace bayani ya je ya tsaya gaban alƙalai. Wannan algus ne, daidai da na mai hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baza busasshe a sama, wanda Annabi (S.A.W.) ya tsawata masa. Kofin da aka samu ta haka haramun ne, an kuma koya wa yaro ƙarya da sunan kimiyya. Gara na'urar da yaro ya haɗa da hannunsa ta ƙi tashi.

Ko da abin ya kai ga yaro ya zama ɗan sama jannati, shari'a ba ta rasa amsa ba. Yarima Sultan bin Salman na Sa'udiyya ya tafi a 1985. Da Malesiya ta yi shirin aika nata, sai ta tara malamai da masana kimiyya a 2006 suka zauna a kan mas'alar, tun da a tashar ana ganin fitowar rana da faɗuwarta sau 16 cikin awa 24. Suka tsayar cewa zai bi lokutan wurin da ya tashi, salla biyar ke nan ba ƙari. Alƙibla kuwa ya nufi Ka'aba in ya iya, in ya kasa ya fuskanci duniya, in ya kasa ya yi ta inda ya samu. Da wannan jagora Dakta Sheikh Muszaphar Shukor ya tashi ran 10 ga Oktoba, 2007, a ƙarshen Ramalana.

Saura tambaya ta huɗu, wadda ba a furtawa. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, watau abin da in babu mai yin sa a gari duk gari ya yi laifi, har ya koka da yadda ake samun gari cike da masu fatawa amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Miga tana kwance ne a kwarin kogin Haɗejiya. Ruwan da ke isowa gare ta daga Kano yake tasowa, inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. A damunar 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje da rayuka a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, Miga tana ciki. Tauraron ɗan'adam ba ya tsayar da ruwa. Amma yana nuna hadarin da ke haɗuwa, da yadda madatsa ta cika, da inda ciyawa ta toshe, da ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya. NigeriaSat-1 yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton birnin New Orleans bayan guguwar Katrina a 2005, kuma NigeriaSat-X da aka harba a Agusta na 2011 injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Hotuna suna nan, da yawansu ma kyauta ake samu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗan gari wanda ya iya karanta su, ya kuma san sunan kowace fadama, ya iya tsayawa bayan sallar Juma'a ya gaya wa mutane da harshensu cewa su kwashe hatsi daga rumbunan gangare. Kiyaye rai da dukiya kuwa suna cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Jihar da ke da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa, ba ta da uzurin rasa irin wannan mutum.

Hukuncin bai bambanta tsakanin ɗa da 'ya ba, in an kiyaye sutura da amincin tafiya. A ƙarni na 10 akwai wata mace a Halab, Al-Ijliyya, wadda sana'arta ita ce ƙera na'urar auna taurari a fadar Saifud Daula. A 2006 wata ɗaliba 'yar shekara 17 daga Ile-Ife, Stella Felix, ta shiga jirgin gwaji a Fulorida wanda ke sa mutum ya ɗanɗana rashin nauyi irin na 'yan sama jannati. A 2017 Alia Al Mansoori, 'yar shekara 15 daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta ci gasa aka kai gwajinta tashar sama. Shehu Usmanu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta nuna abin da ke fitowa in aka yi akasin haka.

Gaskiya ne makarantun karkara da yawa ba su da wutar lantarki, balle ɗakin gwaji, kuma babu amfanin a yi wa yaro alkawarin roka alhali ko ma'aunin zafi bai taɓa riƙewa ba. Amma mafarin wannan ilmi awo ne, awo kuwa ba ya bukatar kuɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 4 zuwa 10 ga Oktoba na kowace shekara domin wayar da kai a kan sararin samaniya, shugaban makaranta yana iya shirya tasa gasar a wannan mako da robar ruwa da famfon keke, a ga rokar ajin da za ta fi nisa, kowane aji kuma ya bayyana dalili. Makarantar Islamiyya ma tana da nata aikin, wanda ya shafi salla kai tsaye. Mutane sukan ce alƙibla gabas ce, alhali daga Miga ta karkata arewa da gabas sak da kimanin digiri 22. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba, ran 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ran 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Sai ɗalibai su kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai laushi kusa da masallaci, su tabbatar da tsayuwarta da zare mai dutse a ƙarshensa, su daidaita agogo, in lokacin ya yi su ja layi a kan inuwar. Layin nan, daga kan inuwa zuwa gindin sanda, shi ne alƙiblar garin. In hadari ya rufe rana a Yuli, kwana ɗaya kafin ranar ko bayanta ma ya wadatar. In kuwa aka tarar sahun masallaci ya ɗan kauce, sallolin da suka wuce sun inganta, domin wanda ke nesa da Makka sashen Ka'aba aka ɗora masa ya fuskanta, sai ɗalibai su kai sakamakon awonsu ga liman cikin ladabi, shi ne zai duba ko a gyara shimfiɗar tabarmi.